Jajayen Fitilun Mahad

A kan dutsenmu in ka ce Mahad ɗan Suhail sai an tambaye ka wanne. In ka ce Jagoran Ango kuwa, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka gidansa. Sunan ya samo asali ne daga wata daminar hazo, irin wadda muke kira harif, shekaru da dama da suka wuce. Ranar ya taso daga birnin Salala da buhunan busasshen kifi, wanda a wurinmu abincin shanu ne, a 'yar tirelar da yake ja a bayan a-kori-kurarsa, hazo ya sauko ya zauna a kan hanya har mutum ba ya ganin hancin motarsa. A gindin dutse sai ga ayarin motocin biki, 'yan birni ne za su ɗauko amarya a ƙauyen da ke gaba da namu. Na gabansu ya hango jajayen fitilu biyu suna tafiya a natse, ya ce wannan ɗan gari ne, ya liƙe masa. Sauran suka liƙe wa na gabansu. Mahad bai san yana da mabiya ba. Ya hau dutse, ya bar kwalta, ya bi 'yar hanyar da ke zuwa garkensa, ya shiga ya kashe mota. Yana fitowa ya ji guɗa ta kaure, mata sun ɗauka an iso. Kawun ango, wani dattijo mai ƙamshin turaren wuta, ya buɗe ƙofa ya sauke farin takalminsa cikin abin da shanu suka kwana suna ajiyewa.

Mahad bai ruɗe ba. Baƙi ne sun zo ƙofarsa, don haka ya tatso madara ya zagaya da kwano, sai da kowa ya kurɓa sannan ya shige gaba ya kai su gidan amarya. Shanun kuwa, an ce sun daɗe suna ɗaga kai duk sanda suka ji ƙarar mota, ko za a sake yi musu guɗa.

Ni Musallam nake, mai shagon dusa da shayi a mararraba, daidai inda hanya take fara gangarawa Salala. Uwar Mahad da ubana ciki ɗaya suka fito, taubashina ne ke nan, kuma tsokanarsa gado ce a wurina, ba na bari ta kwana. Ya girme ni da kaɗan. Siriri ne mai dogayen ƙafafu kamar raƙumin da bai ƙoshi ba, ba ya ɗaga murya ko ga saniya. Karatunsa bai yi nisa ba, amma yana karanta saƙon waya da kansa in ya nisanta ta da fuskarsa tsawon hannu. Ban da labarin angon, abu biyu aka san shi da su: bai taɓa cewa a'a ga wanda ya zo ƙofarsa neman mota ba, kuma fitilun bayan tirelarsa sun fi na kowa haske.

Na biyun ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. In harif ta kama, rana ba ta sake leƙo mu sai ta wuce. Yayyafi ba ya tsayawa, ba ya kuma zama ruwa sosai. Kwalta ta yi santsi kamar an shafa mata man shanu, hazo ya cika kwazazzabai har baki, mutum ba ya bambance inda hanya ta ƙare da inda rami ya fara. Saboda haka mai hankali ba ya gangarawa shi kaɗai. Da safe motoci sukan taru a gaban shagona, a sha shayi da madara, a jira wanda ya haddace kwanonin nan. In ya tashi sai a jeru a bayansa, kowa idonsa na kan danjar na gabansa. Ba ka kallon hanya, don babu hanyar da za ka kalla. Ɗigo biyu ja su ne duniyarka: in sun ƙara haske ka taka birki, in sun karkata ka karkata. Shekara da shekaru Mahad ne a gaba. Kowace safiya yakan zagaya bayan tirela ya goge fitilun da jelar rawaninsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai share wa jikansa hanci.

Da tsohuwar motarsa ta gaji, 'ya'yansa maza da ke aiki a Maskat suka haɗa kai suka saya masa sabuwa, irin wadda take yi maka tsiwa in ba ka rufe ƙofa da kyau ba. Yana lallaɓa ta kamar surukarsa. Ta yi damina ɗaya a hannunsa lafiya lau. Ana shiga ta biyu wani saƙo ya shigo wayarsa.

Tuful, autarsa, ita ta karanta shi a shagona, da ƙarfi, don kada ubanta ya ce bai ji ba. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Salala, ba ta daɗe da koyon tuƙi ba, tana da 'yar farar mota wadda raƙumi zai iya tsallakewa bai sani ba. Kamfanin da ya ƙera a-kori-kurar ne ke kiran masu irinta. Sun ce akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin motar da ke aika wuta zuwa tirela, an gano yana da aibi. In danshi ya shige shi, fitilun tirela na iya mutuwa ana cikin tafiya, har da na birki, direba kuma ba zai ga wata alama a gabansa ba. A kawo mota gareji a canza shi kyauta. Kafin nan kada a ja komai da ita.

Na leƙa waje, ruwa na ɗiga daga rufin shago, na ce to alhamdu lillahi, mu dai Allah ya tsare mu daga danshi. Aka yi dariya. Tuful ba ta yi ba.

Kada wani ya ce tsoho ne bai gane ba. Mahad ya gane sarai, ya kuma ce zai kai ta. Lokacin ne ya tsaya masa a wuya. Da aka buga wa garejin waya suka ce motoci sun yi yawa, sai ya bar ta wurinsu 'yan kwanaki. Mu kuwa muna tsakiyar sauko da raƙuma. Da zarar ƙasa ta fara santsi dole a kwashe su daga kan dutse zuwa fili a bakin teku, don tafin raƙumi ba ya kama laka, in ya zame ya karye sai wuƙa. Manya suna bin tsohuwar hanyar ƙafa da makiyaya. Jarirai da tsofaffin taguwoyi da masu ciki kuwa sai a tirela, kuma tirelar da ta isa ɗaukar raƙumi ba ta da yawa a ƙauyen. Kullum bayan sallar asuba akwai mai sallama a ƙofar Mahad.

A wurinmu ba a hana aron mota kai tsaye. Wanda ba ya son bayarwa yakan sunkuyar da kai ya ce wallahi tana gareji. Kowa ya san abin da ake nufi, ko da motar tana tsaye a bayansa an lulluɓe ta da tamfol. Mai roƙo ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi, ya riƙe abin a ransa har ya ba jikoki labari. Muna da wani maƙwabci, Bakhit, wanda motarsa ta fi kowace mota a yankinmu na Zufar zama a gareji, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin makanike ya taɓa ta. Mahad kuwa ya kai furfura bai furta wannan magana ba.

"Baba, ai kai gaskiya za ka faɗa," in ji Tuful. "Da gaske tana gareji."

"Bakhit ma da gaske yake faɗa, 'yata. Har rantsuwa yake yi."

"To ka nuna musu saƙon."

"In tsaya a ƙofar gidana ina miƙa wa maƙwabci waya don ya yarda da maganata? Bari raƙuma su sauka. Saura kaɗan."

Bai zauna haka kawai ba, ya ƙirƙiro nasa gwajin. Kowace safiya a gaban shagona yakan tokare birki da sandar kiwonsa, ya jingina ta da kujera, ya zagaya baya. Fitilun su kama jajir, har hazon da ke kewaye da su ya yi ja. Ya dube ni ya ce in gani da idona, lafiyarta ƙalau. Na tuna masa cewa mutanen sun ce a kan hanya take mutuwa, ba a gaban shago ba. Ya ce ni ma a gaban shago lafiyata ƙalau, sai an ce in ɗauki buhu gwiwata take tunawa da ciwo.

Amma wata safiya ina tsaye da butar shayi a hannu, ya ja tirela ya hau kwalta, sai na ga fitilun nan sun rufe kamar ido, sun sake buɗewa. Na dubi na kusa da ni. Shi ma ya gani, don ya kawar da kai. Washegari wani direban tankar ruwa ya ce a Kwanar Ɓaure Mahad ya ɓace masa tsawon numfashi guda, sannan ya dawo. Mahad ya ce hazo ne ya yi kauri a wurin. Yana iya zama hazo ne. Ba wanda ya yi musu, amma daga ranar shayina ya fara zafi a bakin mutane. Wurin nan na bayan tirela, wanda a da ake rige-rigensa, yanzu in Mahad ya tashi sai ka ga kowa yana hura kofinsa a hankali, yana jiran wani ya riga shi.

Ba su daɗe suna jira ba, don wurin yana da mai shi. Tun ranar da Tuful ta fara tuƙi uwarta ta yanke hukunci: a bayan ubanta za ta riƙa gangarawa, ba a bayan kowa ba. Bayan saƙon nan ta gwada bijirewa sau ɗaya. Ta bi wata babbar mota ta masu zuwa yawon damina daga ƙasashen zafi, mutumin ya tsaya cak a tsakiyar kwana don iyalinsa su ɗauki hoton hazo. Da yamma ta shigo shagona ta ce, "Kawu, in na bi baƙo kashe ni zai yi. In na bi Baba kuma ban sani ba." Washegari ta koma wurinta.

Na tare Mahad a bayan shago, inda ba mai jinmu, ban yi masa wasa ba ko kaɗan. Na ce masa wadda ke bayansa fa Tuful ce. Ya ce gobe taguwar Inna Salma ce, tsohuwar da ba ta da ɗa namiji kuma ba ta da abin dogaro sai nonon wannan dabba. Ya riga ya amsa mata. Ita ce ta ƙarshe. Yana sauke ta a fili zai zarce gareji, ko da ƙauyen gaba ɗaya zai taru a ƙofarsa.

Ranar ina da ganin likita saboda gwiwar nan da ake yi wa gori, don haka na rufe shago na shiga motar Tuful. Ban taɓa ganin hazo irin na safiyar nan ba. Ba ya motsi. Masallacin da ke tsallaken hanya ya ɓace, muryoyin mutane suna fitowa daga inda ba kowa. Taguwar tana durƙushe a tirela an ɗaure mata gwiwoyi, tana ta gurnani kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Mahad ya tokare birki, ya zagaya, ya goge fitilun. Suka kama. Ya leƙo tagarmu ya ce wa Tuful ta bar tazara. Ta ce in ta bar tazara ba za ta gan shi ba. Ya tafi ya shiga motarsa.

Kwanonin farko lafiya. Ɗigo biyun nan suna gabanmu, su yi haske, su dushe, su karkata, mu bi. A bayanmu akwai fitilun wata mota, bayanta kuma wasu da ba ma gani. Na fara ba Tuful labarin yadda ubanta ya faɗa rijiya muna yara, don in ga ta saki sitiyarin nan kaɗan, ta ce in yi haƙuri in bari sai mun sauka.

Muna wuce Kwanar Ɓaure fitilun suka tafi. Ba su yi ƙyafta ba, ba su dushe ba. Suna nan, sai babu su. Fitilun a-kori-kurar kanta kuwa tirela ta tare su. Gabanmu fari fat, kamar an rataya zane a gilashi.

Na jira su dawo, kamar yadda suka dawo wa mai tanka. Ba su dawo ba.

Tuful ba ta yi ihu ba. Ta ɗage ƙafa daga mai, ta riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan. Tsayawa cak ba ta yiwuwa, don na bayanmu danjarta yake bi a kan kwalta mai santsi, in ta tsaya shi zai tura mu inda ba mu sani ba. Ta danna ham ta riƙe. Daga can gaba Mahad ya amsa da 'yan gajeru biyu, irin na gaisuwa. Na ciro waya, babu layi, da ma a tsakanin duwatsun nan ba a samu. Sai ta sauke gilashin taga, yayyafi ya shigo mana, ta ce in yi shiru. Gurnanin taguwar Inna Salma ne ke zuwa daga cikin farin nan. Ko kusa ko nesa ban iya faɗa ba, hazo yana wasa da sauti. Amma shi take bi. Ta karkata kai waje, tana juya sitiyari inda kukan ya karkata, leɓenta na motsi.

Sai kukan ya tsaya.

Duk wanda ya tashi a kan dutsen nan ya san raƙumi a tirela yana gurnani ne muddin ana jijjiga shi. In ya yi shiru, motar ta tsaya. Daga baya muka ji cewa shanu ne suka kwanta a tsakiyar kwalta bayan kwana, Mahad ya taka birki kamar yadda ya saba, yana da tabbacin 'yarsa ta ga ja.

"Kawu, dutse yana wane hannu?"

Hanyar nan naɗewa take yi. A wannan kwana dutse yana damanka rami yana hagu, a ta gaba su sauya. Na bi ta fiye da yadda zan iya ƙirgawa, amma kullum idona na kan danjar wani.

"Dama," na ce. Har yau ban san ko sani na yi ko bakina ne ya zaɓa ba.

Ƙofar bayan tirela ta fito daga hazo kamar bango, kusa har na ga tsatsar sakatarta. Tuful ta karya sitiyari dama. Tayoyi suka zame, gefen motar ya goge kusurwar tirela da wata ƙara mai tsinka haƙori, hancinta ya faɗa magudanar ruwan da ke gindin dutse. Kaina ya bugi gilashi. Motar da ke bin mu ta tsaya rabinta a kan kwalta, rabi a laka. Daga nan sai shiru, ban da abin goge gilashi da ke ta kai da kawowa.

Na ji takun gudu. Mahad ne, ba takalmi a ƙafarsa, ya baro su wani wuri a hanya. Yana kiran sunanta, ba da ƙarfi ba, yana ta maimaitawa kamar mai lallashin ɗan maraƙi ya tashi. Tuful ta kifa kai a kan sitiyari ba ta motsi. Ya ja ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya zura hannu ta taga ya ɗora a kan mayafinta, ya bar kiran. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Jini na gangaro min a ido, amma fuskarsa nake kallo, kuma ba na fatan in sake ganin irinta a jikin kowa.

Sannan ta ɗago a hankali, tana riƙe da wuyan hannunta na hagu, ta ce, "Baba, fitilunka sun mutu."

Ya juya ya dubi tirela, ni ma na duba. Suna ci, jajir, su biyun, kamar ba abin da ya faru.

Wuyan hannun ya karye, ni kuma aka yi min ɗinki a goshi. Mutanen da ke ayarin suka kwance tirela suka tokare ta da duwatsu, aka kore shanun, Mahad ya ɗauke mu a a-kori-kura zuwa asibitin da Tuful ke aiki. Taguwar Inna Salma kuwa Bakhit ne ya zo ya ja ta zuwa fili, da motarsa wadda cikin ikon Allah ta warke a safiyar nan. Daga asibiti Mahad ya zarce gareji ya ajiye makulli, ya dawo gida a motar haya.

Washegari da asuba wani ya yi sallama a ƙofarsa. Mutumin daga can bayan dutse ya zo, labari bai kai masa ba, yana da jariran raƙuma biyu da suka rage. Matar Mahad ta gaya wa matata cewa ya fita ya tsaya, ya sunkuyar da kai, ya ce tana gareji. Mutumin ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya. Mahad bai bi shi da bayani ba. Ranar bai taɓa abinci ba.

An canza akwatin, fitilun ba su sake ƙyaftawa ba. Hannun Tuful ya haɗe, sai dai in an yi danshi yana yi mata tsami. Yanzu in harif ta kama takan koma gidan gwaggonta a Salala, ba ta hawowa sai hazo ya ɗaga. Ba ta yi fushi da ubanta ba, tana aiko masa da maganin hawan jini da kwakwa. Uwarta ce dai ta daɗe tana ajiye masa abinci ba tare da ta zauna ba. Har yanzu shi ne a gaba in za a gangara, don ba wanda ya san kwanonin kamarsa. Sandar kiwo ta koma aikinta. Yanzu mutum yake sa wa ya tsaya a baya ya faɗa masa da baki, ya taka, ya saki, ya sake takawa, har mai dubawar ya gaji.

A daminar da ta wuce, wata safiya muna zaune a shago ana jiransa ya gama shayi, wani direba ya ce, "Jagoran Ango, yau kuma ina za ka kai mu? Mu sa takalman roba ne?" Aka kwashe da dariya. Na ƙara da cewa shanunsa sun aiko a tambaya ko akwai biki bana.

Mahad ya shanye sauran shayinsa, ya kife kofin a kan tire.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Ranar da na kai su garke, duk wanda ya biyo ni da ƙafarsa ya fito daga mota. Takalmi kawai aka wanke. Musallam, tashi ka zagaya baya ka duba min, gwiwar nan taka ba za ta karye ba."